Shin Ko Kun San? Filayen Jirgin Da Baƙi Suka Bari

• Shin ko kun san jiragen sama na farko da suka sauka a Najeriya na sojan Ingila ne? Guda 3 ne, sun taso daga Masar, suka dira a filin wasan dawaki na Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925.

• Ko kun san lokacin Yaƙin Hitila, daga 1940, Kano da Maiduguri zango ne na jiragen yaƙi? A cikin akwatuna ake kawo jiragen ta ruwa zuwa Takoradi ta Ghana, a harhaɗa su, su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy da Khartum har Alƙahira. Fiye da 5,000 ne suka bi hanyar.

• Ko kun san yaƙin ya kusa taɓa mu? A Janairun 1942 wani jirgin Jamus ya keto Sahara ya yi ruwan bama-bamai a filin Fort Lamy, wato Njamena ta yau, ya ƙone man jirgi mai yawa.

• Ko kun san filin jirgin Kano bai zama kufai ba bayan tafiyar sojojin? 'Yan kasuwa da alhazai suka raya shi. Shi ne filin Malam Aminu Kano na yanzu.

• Ko kun san a Madama, can arewacin Nijar kusa da iyakar Libiya, Faransa ta shimfiɗa titin jirgi a 2014 gefen tsohuwar ganuwarta ta zamanin mulkin mallaka? A 2019 ta kwashe sojojinta daga wurin, a Disamban 2023 kuma ta fice daga Nijar baki ɗaya.

• Ko kun san Amurka ta kashe fiye da dala miliyan 100 kan sansanin jirage marasa matuƙi na Agadas, amma ta miƙa shi ga sojan Nijar a Agustan 2024?

• Ko kun san sansanin sojan sama na Kainji, a Sabuwar Busa, shi ne mazaunin jiragen Super Tucano 12 da Najeriya ta saya daga Amurka, suka iso a 2021? Wannan kam namu ne, kula da shi ma a wuyanmu take.

Baƙo don yaƙinsa yake shimfiɗa fili, ran da buƙatarsa ta ƙare ya tattara ya tafi. Filin da 'yan ƙasa suka nemo wa aiki shi ke rayuwa, wanda aka yi wa sakaci kuwa ciyawa da rairayi ke cinye shi.