Gadon da Shuka ke Yi da Yadda Yake Taimakonta a Ƙasa Marar Ƙarfi

Kowane manomi ya san cewa in aka shuka iri biyu na dawa a gona ɗaya wadda ta gaji, sai ka ga ɗaya ya tsumbure, ɗaya kuwa ya daure har ya fid da kai. Ruwansu ɗaya, ƙasarsu ɗaya, to, me ya kawo bambanci? Amsar tana cikin irin kansa. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shuka ma haka take, tana gadon halin iyayenta ta hanyar waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ido ba ya gani, waɗanda masana kimiyya ke kira ƙwayoyin gado. Su ke tsara tsawon kara, da launin tsaba, har da yadda saiwa za ta bi ƙasa neman abinci.

Cikin abincin da shuka ke bukata akwai sinadarin fosfaras, wato wanda ke cikin takin zamanin nan da muke kira sufa. Wannan sinadari yana da taurin kai. Ba ya bin ruwa ya je wurin saiwa, sai ya maƙale wa ƙasa, musamman jar ƙasa. Dole saiwa ce za ta je inda yake. Saboda haka shukar da ke da saiwoyi da yawa ita ce ke ƙoshi, mai kaɗan kuwa ta kwana da yunwa.

A gabashin Indiya akwai wata tsohuwar shinkafa ta gargajiya mai suna Kasalath. Ba ta da yawan amfani kamar irin zamani, shi ya sa ba a cika kula ta ba, amma an lura tana jure ƙasar da ba ta da fosfaras. Bayan bincike na shekaru masu yawa, a 2012 masanan cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke ƙasar Filifin, tare da abokan aikinsu na Japan da Italiya, suka bayyana ƙwayar gadon da ke wannan aiki, suka sa mata suna PSTOL1. Aikinta shi ne ta sa shuka ta yi saiwoyi da yawa tun tana ƙarama. Abin mamaki, yawancin shinkafar zamani da ake nomawa da ban ruwa ba ta da wannan ƙwaya sam. Sai masanan suka haɗa aure tsakanin Kasalath da irin zamani, suka riƙa zaɓen 'ya'yan da suka gaji ƙwayar.

Dawa ma tana da nata labarin. A ƙasa mai tsami akwai sinadarin alminiyam da ke narkewa ya hana bakin saiwa tsawo. A 2007 masanan Birazil da Amurka suka gano wata ƙwayar gado a dawa mai suna SbMATE. Dawar da wannan ƙwaya ke aiki sosai a jikinta takan tsattsafo da wani ruwa mai tsami irin na lemun tsami daga bakin saiwarta, ya ɗaure gubar, saiwa ta ci gaba da nutsawa.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai, domin ƙarancin fosfaras yana cikin manyan abubuwan da ke tauye gero da dawa a jigawar ƙasar Hausa, ga taki kuma da tsada. Amma kada a ɗauka iri mai kyau zai raba mu da zuba taki. Saiwa komai yawanta ba ta ƙirƙiro abinci, abin da ta tarar shi take ɗiba. In ana ɗiba ba a mayarwa, gona za ta ƙara mutuwa.

A ƙarshe ina roƙon iyayenmu, in sun karɓi sabon iri daga malaman gona, kada su yar da na kakanninsu. Da manoman Indiya sun watsar da Kasalath, da an yi hasarar da ba ta da magani. Mu kuma ɗalibai mu dage da karatun kimiyya, wataƙila wani cikinmu ne zai gano abin da ke ɓoye cikin dawar rumbunmu. Da tsohuwar zuma ake magani.