Gorar da Ruwa Ke Tashi da Ita

Duk wanda ya sauka a ƙauyukan Hausawa da ke tsakanin Madani da Maiurno a ƙasar Sudan, inda zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna tare da jikokin alhazan da guzuri ya yanke musu a hanyar Makka, zai tarar da mutanen da rayuwarsu ta rataya ga ruwa, tun daga 1925 da aka gama madatsar Sinnar aka kora Nilu cikin magudanai har ya kai gonakin auduga.

A ɗaya daga cikin ƙauyukan nan, bayan la'asar, idan almajirai sun jingine allunansu, wani mu'allimin firamare yakan tara su a bakin magudana da gorar roba ta lemo, wadda suka manna wa fukafukan kwali. Sukan zuba ruwa sulusinta kawai, domin idan ta cika nauyi ya hana ta tashi, idan kuwa babu ruwan ba ta da abin da za ta tunkuɗa sai iska. Sa'an nan su toshe bakinta da totuwar masara da aka huda aka cusa wa bawul ɗin keke, su kifa ta bisa tubala uku. Na ga wani yaro yana buga famfon keke, ya cije leɓe, kumfa na hawa cikin ruwan ɗaya bayan ɗaya, har totuwar ta kuɓuce, ruwa ya feso ƙasa ya jiƙe masa jallabiya, gorar kuwa ta wuce kan darbejiya.

Wani dattijo da ya ƙare ƙuruciyarsa yana buɗe wa gonaki ruwa ya ce, "Malam, ai mun san ƙarfinsa idan aka matse shi, amma ba mu taɓa ganin ya ɗaga abu sama ba." Malamin ya amsa da ladabi, "Baba, gorar ce ta tura shi ƙasa, shi kuma ya rama." Wannan ita ce ƙa'idar da masanin kimiyya Newton ya wallafa a Ingila a 1687, kuma a ra'ayina yaron da ta jiƙa wa riga ya fi wanda ya haddace ta fahimta.

Famfon ɗaya ne tak, aro ne daga mai gyaran keke, ana mayar masa kafin magariba. 'Yan'uwa masu dawowa daga Hartum ko Saudiyya, a cikin tsarabarku ku sa wa makarantar ƙauyenku famfon keke.