Zuciya Na Dukan Uku-Uku, Mai Ita Bai Sani Ba

Idan mutum ya shiga matsi, jikinsa ne ke fara sani. Wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda sukan saki sinadaran adiranalin da kotisol, zuciya ta ƙara sauri, tafin hannu ya jiƙe da gumi. Daga nan ƙwaƙwalwa ta karanta saƙon, ta ce wannan tsoro ne, ko fushi. A wajen matasa da yawa masu lalurar galahanga, a wannan gaɓa ta biyu ake samun tangarɗa.

Tun a 1973 likitan ƙwaƙwalwa Peter Sifneos ya bayyana mutanen da ke kasa gane abin da ke ransu, balle su faɗe shi. Wani nazari na 2019 da ya tattara binciken baya ya nuna kusan rabin masu galahanga na fama da haka. Rabi ne, ba duka ba, kuma tun a 2013 Geoffrey Bird da Richard Cook suka ce bai kamata a jingina matsalar ga galahanga kanta ba.

Gwajin da ya fi jan hankalina shi ne na Sarah Garfinkel da abokan aikinta a Sussex ta Ingila, a 2016. An ce mutane su ƙirga bugun zuciyarsu ba tare da taɓa jijiya ba, na'ura kuma na ƙirga nata. Masu galahanga sun fi yin kuskure, alhali su ne suka fi cewa suna jin duk motsin jikinsu. Gwargwadon faɗin wannan tazara, gwargwadon yawan fargabarsu. Wato saƙon na zuwa da ƙarfi, amma a hargitse.

To ina amfanin a tsare saurayi da "me ke damunka?" Zai ce ba komai, kuma ba ƙarya ya yi ba. Hayaniyar aji ko kasuwa na ta taruwa a jikinsa har ya fashe da ihu ko ya yi gum. A wajenmu, inda ake yabon kunya da haƙuri, shirun farko sai a ɗauke shi tarbiyya, fashewar kuma a ce taurin kai ne ko iska.

A 2021 masu binciken na Sussex sun horar da manya masu galahanga sauraron bugun zuciya, ana gyara musu ƙirga bayan kowane gwaji. Bayan wata uku, fargabarsu ta ragu fiye da ta waɗanda aka ba wani horo na daban.