Karatu Biyu a Yini Ɗaya: Makarantun Yaran Yahudawa a Amurka

A Amurka makarantar gwamnati kyauta ce tun daga ajin yara har ƙarshen sakandare. Duk da haka, akwai iyaye Yahudawa da ke biyan dubban daloli kowace shekara don kai 'ya'yansu makarantun kuɗi na al'ummarsu. Ƙidayar da gidauniyar AVI CHAI ta yi a shekarar karatu ta 2018 zuwa 2019 ta nuna akwai irin waɗannan makarantu 906, masu ɗalibai kimanin 292,000, mafi yawansu a jihohin Niyok da New Jersey. Me ya sa suke barin na kyauta su biya kuɗi?

Dalilin kafa su

Tsarin mulkin Amurka ya raba addini da gwamnati, don haka ba a koyar da ibada a makarantun gwamnati. A 1962 ma Kotun Ƙoli ta hana karanta addu'ar da hukuma ta tsara a cikin aji. Su kuwa Yahudawa tsiraru ne, kimanin kashi 2 cikin 100 na jama'ar ƙasar. Abin da iyaye ke gudu shi ne yaro ya taso bai iya karanta littafinsa ba, bai san harshen kakanninsa ba. Tunda da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, sai suka fara tun daga ƙananan yara.

An buɗe Yeshivah of Flatbush a unguwar Brooklyn a 1927, sai makarantar Ramaz da Joseph Lookstein ya kafa a Manhattan a 1937. A 1944 aka kafa ƙungiyar Torah Umesorah don yaɗa irin waɗannan makarantu a faɗin ƙasar.

Yadda yinin ke tafiya

Idan kuna zuwa boko da safe, Islamiyya da yamma, to kun san nauyin karatu biyu. Bambancin shi ne a can duka biyun a makaranta ɗaya ake yi. Ana fara yini da addu'ar safe. Wani ɓangare na yinin na Attaura ne da harshen Ibrananci da tarihin Yahudawa, ɗaya ɓangaren kuma na lissafi, kimiyya da Turanci.

Ɗan shekara biyar ko shida yana koyon baƙaƙe iri biyu a lokaci guda: na Turanci daga hagu zuwa dama, da baƙaƙen Ibrananci 22 da ake rubutawa daga dama zuwa hagu kamar Larabci. A makarantu da dama akan yi ɗan biki ranar da aka miƙa wa yaro littafin addu'arsa na farko, iyaye su zo su shaida. Ana kuma saba wa yara jefa kwabbai a akwatin taimakon mabukata, abin da suke kira tsedaka, kalmar da asalinta ɗaya da sadaka.

Abincin makaranta yana bin ƙa'idar kosha: babu naman alade, ba a kuma haɗa nama da madara. Ranar Juma'a akan tashi da wuri, musamman lokacin sanyi, domin hutun Asabar yana farawa ne da faɗuwar rana.

Daga aji 6 zuwa 8, wato daidai da ƙaramar sakandare, karatu yana ƙara nauyi. A makarantu da yawa a nan ake shiga Talmud, babban littafin shari'a da muhawarar malamai, wanda akasarinsa da harshen Aramiya aka rubuta. Ɗalibai kan zauna bibbiyu suna karantawa da ƙarfi, ɗaya ya kawo fahimtarsa, ɗaya ya ƙalubalance shi da hujja. A shekarun nan ne kuma ake bikin balaga: namiji a shekara 13, mace a 12 ko 13.

Inda gizo ke saƙar

Matsala ta farko ita ce kuɗi. A wasu makarantun Manhattan kuɗin shekara na yaro ɗaya ya haura dala 30,000, saboda ana biyan malamai kashi biyu. Iyalai da yawa sai da tallafin al'umma suke iya biya.

Ta biyu ita ce daidaito. Makarantu irin su Ramaz suna tura ɗalibai manyan jami'o'i, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Dokar jihar Niyok ta ce dole karatun makarantar kuɗi ya yi daidai da na gwamnati a muhimman darussa. A 2015 wasu tsofaffin ɗalibai da iyaye suka kai ƙorafi cewa makarantun maza da dama na Yahudawan Hasid, masu tsananin riƙo da al'ada, ba sa ba lissafi da Turanci isasshen lokaci. A 2022 jaridar New York Times ta ruwaito cewa a wata babbar makarantar Hasid, ɗalibai fiye da 1,000 sun rubuta jarrabawar jiha ta karatu da lissafi a 2019, kuma babu wanda ya ci. Shugabannin makarantun sun mayar da martani cewa iyaye ne ke da ikon zaɓa wa 'ya'yansu tarbiyya, kuma karatun Talmud yana wasa ƙwaƙwalwa.

Wanda abin ya fi shafa dai shi ne ɗalibin. Yaron da ya gama aji 8 bai iya cike takardar neman aiki da Turanci ba zai sha wahala a kasuwa da ofis. Wanda kuma ya iya lissafi amma ya kasa karanta littafin addu'arsa, ya rasa abin da iyayensa suka biya kuɗi dominsa. Makarantun da suka yi suna su ne waɗanda suka ba kowane ɓangare ƙwararrun malamai da isassun sa'o'i a jadawali, suka kuma riƙa auna yaro a duka biyun.