Herbie Hancock, gwanin jazz da ya bi sahun yaran hip-hop

A shekarar 1983 Herbie Hancock yana da shekaru 43, kuma sunansa ya riga ya kafu a duniyar jazz. Haifaffen Chicago ne a Amurka, ya kaɗa fiyano a ƙungiyar Miles Davis daga 1963 zuwa 1968. Kwatsam sai ya fito da "Rockit", kiɗan da babu baitin waƙa a cikinsa, sai bugun gangar na'ura da ƙarar faifai da ake gogawa gaba da baya da hannu.

Mai gogar faifan shi ne Grand Mixer D.ST, matashin DJ daga unguwar Bronx ta New York, mahaifar hip-hop. Bill Laswell na cikin waɗanda suka tsara kundin, mai suna Future Shock.

Masu ra'ayin riƙau a jazz ba su ji daɗi ba. A ganinsu, babban makaɗi ya zubar da girmansa don neman kasuwa. Sai dai wanda ya san tarihinsa ba zai yi mamaki ba: Hancock ya fara karatun injiniyan lantarki a kwalejin Grinnell kafin kiɗa ya janye shi, kuma tun 1973, a kundin Head Hunters, yake wasa da na'urori.

Akwai kuma maganar launin fata. A lokacin, da wuya tashar MTV ta nuna mawaƙa baƙar fata. A bidiyon "Rockit", mutum-mutumi ne ke rawa a cikin ɗaki, shi kuwa mai kiɗan ba a ganinsa sai a cikin wani ƙaramin akwatin talabijin. Duk da haka bidiyon ya kwashe kyautuka 5 na MTV a 1984, kiɗan kuma ya samu Grammy. Shahararrun DJ irin su Qbert da Mix Master Mike sun sha faɗa cewa ganin D.ST yana gogar faifai a "Rockit" ne ya sa su shiga sana'ar.

Daga nan Hancock ya waiwayi Afirka ta Yamma. Ya yi aiki da Foday Musa Suso, makaɗin kora ɗan Gambiya, suka fitar da Village Life a 1985.

Daga baya ƙungiyar Us3 ta Ingila ta ɗauko kiɗansa na 1964, "Cantaloupe Island", ta ɗora rap a kai, ya sake zagaya duniya da sunan "Cantaloop".