Allurar Kwantar Da Hankali Ga Mai Tsoron Likitan Haƙori



Akwai macen da ta haihu biyar ba ta yi raki ba, amma a ce mata gobe za a cire mata haƙori, sai ta kwana ba barci. Sai ta koma ga kanumfari da ƙwayar kemis, wata ma har ruwan batir ake ba ta shawara ta ɗiga a kogon, abin da ke ƙone dasashi. To, haƙorin da ya ruɓe ba ya warkewa da kansa. In mugunya ta taru, kumburin kan sauka ƙarƙashin haɓa har wuya ya toshe numfashi, kuma ana rasa rai ta haka.

Saboda masu irin wannan tsoro ne likitoci ke da allurar kwantar da hankali. Ana sa ɗan siririn bututu a jijiyar bayan hannu, irin na ƙarin ruwa, a riƙa tura magani kaɗan-kaɗan ana lura da ke. Wanda aka fi amfani da shi sunansa midazolam. Cikin 'yan mintuna jiki zai saki, barci ya riƙa fizgarki. Amma fa ba irin barcin tiyata ba ne. Da kanki kike numfashi, in an ce buɗe baki za ki ji, ki buɗe. Abin mamakin shi ne, yawancin mutane ba sa tuna aikin bayan an gama. Shi wannan magani tsoro yake ɗaukewa, zafi kuwa sai an yi wata allurar a dasashi wadda ke kashe wurin.

Yana iya rage ƙarfin numfashi, shi ya sa ake maƙala wata 'yar na'ura a yatsa mai auna iskar da ke cikin jini da bugun zuciya, kuma akan ajiye makarinsa, flumazenil, a kusa. Jan farce da baƙin lalle kan rikita na'urar nan, don haka uwargida a dakata da kwalliyar yatsu sai an dawo. Ni dai ra'ayina, wurin da babu wannan na'ura da ma'aikacin da ya koyi aikin, kada ki miƙa hannunki, kome sauƙin kuɗinsu. Ki tambaya a sashen haƙori na babban asibiti.

Kafin ranar, ki faɗa wa likita gaskiya: juna biyu ko da zato ne, shayarwa, hawan jini, asma, ciwon suga, da duk maganin da kike sha har na gargajiya. Mai ciki akan ɗaga mata wannan allura, a bi wata hanyar. Batun ci da sha kafin aiki, ki bi abin da aka gaya miki daidai.

Sai maganar gida. In za ki nemi izinin maigida, ki haɗa da ɗan rakiya, babban mutum da zai kai ki ya dawo da ke, don ba a sallamar mutum shi kaɗai. Awa 24 bayan allurar ba ke ba murhu, ba wuƙa, ba goyo, ko da kin ji garau, domin maganin bai gama barin jiki ba. Ki zaɓi ranar da ba girkinki ba, ko ki roƙi abokiyar zama ko ƙanwa ta riƙe miki tukunya da yara har washegari.