Daga Kasuwar Umdurman Zuwa Dajin Sunut: Wa Zai Reni Itatuwan Jama'a?

 

Bahaushen da ya shiga layin masu saiwoyi da kayan ƙamshi a Kasuwar Umdurman ta Sudan ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane abin da ke cikin buhuna. Abin da suke kira gongolez 'ya'yan kuka ne, aradeb tsamiya ce, lalob aduwa, dom goruba, nabag kurna, garad kuwa ita ce bagaruwar da majemanmu suke jima da ita. Ƙasarsu da tamu shimfiɗar Sahel guda ce, shi ya sa itatuwanmu suka zo ɗaya. Mafi yawan waɗannan itatuwa ba a gonar kowa suke ba, na jama'a ne. To abin da yake na kowa, wa zai kula da shi?

Amsar tana tsallaken kogi. A gaɓar Farin Nilu ta ɓangaren Khartum, dab da Mugran inda yake haɗuwa da Shuɗin Nilu, akwai Dajin Sunut. Sunut shi ne sunan bagaruwa a Larabcin Sudan. An keɓe wannan daji tun shekarun 1930, zamanin mulkin Turawan Ingila. Idan kogi ya cika da damina sai ruwa ya mamaye shi, kuma bagaruwa tana jure zama cikin ruwa na watanni. Saiwoyinta suna riƙe gaɓa kada ta zaizaye, tsuntsaye masu ƙaura daga Turai da Asiya suna yada zango a cikinsa, kafin yaƙi kuma iyalai sun kasance suna zuwa shan iska idan ruwa ya janye. Da katakon bagaruwa ma masassaƙan unguwar Abu Rof ta Umdurman suka shahara wajen ƙera jiragen ruwa. A nan Mugran ɗin kuma akwai lambun tsirrai na ƙasa, wanda aka kafa a 1954.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, iskar gas ta girki ta yi wuya, wutar lantarki ta yanke, masu gadin daji suka watse. Mutane suka koma ga itace da gawayi, aka sare babban ɓangare na dajin. A nan akwai bambancin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi. Uwar da ta karyo reshe don ta dafa wa 'ya'yanta abinci cikin ƙawanya tana da uzurin lalura, ita kuwa lalura ana auna ta gwargwadonta. Amma wanda ya cika mota da itacen jama'a don ya sayar, wannan ya ci haƙƙin mutanen gari duka, har da waɗanda ba a haifa ba.

Mutanen Sudan suna da al'adar da suke kira nafir, wato aikin gayya a wurinmu. Da ita ake nome gonar mara lafiya, ake tayar da ɗakin da ya rushe. A ambaliyar Khartum ta 2013 matasa sun haɗu ƙarƙashin wannan suna suka kai ɗauki, a lokacin yaƙin nan kuma tukwanen sadaka na unguwanni, da ake kira takaya, sun ciyar da jama'a masu yawa. Sai dai gayyar itace ta bambanta da gayyar gona. Ta gona ana gama ta a wuni ɗaya, a ci tuwo a watse. Ta itace kuwa ranar dashe ce mafi sauƙi a cikinta.

Ga abin da aikin ya ƙunsa. Na farko, tara iri daga itatuwan yankin. Ƙwayar bagaruwa tana da tauri, don haka ake jiƙa ta a ruwan zafi kafin a shuka. Na biyu, renon dashe a ƙananan ledoji har ya yi ƙwari. Na uku, dasawa a farkon damina, ko bayan janyewar ruwa idan bakin kogi ne. Na huɗu, shinge na ƙaya, domin akuya ɗaya tana iya cinye wahalar mutum goma kafin azahar. Na biyar, ban ruwa a rani na farko da na biyu, da rabon kwanaki a rubuce, kowa ya san ranarsa.

Me ya sa ake fifita itacen ƙasa? Sudan ta ga darasi. A 1917 aka shigo da wata bishiyar ƙaya 'yar asalin nahiyar Amurka, wadda suke kira miskit, daga baya aka yaɗa ta don tare rairayi. Ta bazu cikin gonaki da hanyoyin ban ruwa, har a 1995 gwamnati ta ba da umarnin a kawar da ita. Ba kowane baƙon itace ne mai cutarwa ba, ga dogon yaro nan daga Indiya yana ba mu inuwa. Amma itacen ƙasa ya san farin ƙasarsa, tsuntsaye da ƙudan zuma sun san shi, kuma 'ya'yansa suna da kasuwa.

Wannan aiki yana da asali a shari'a. Hadisin Anas da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga dashen Musulmi sadaka ce gare shi. Manzon Allah (SAW) ya keɓe filin Naƙi'u don maslahar jama'a, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, wannan shi ake kira hima a fiƙihu. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma, wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu ɗan Abu Sufyan ta hana sare itace mai 'ya'ya ko da a fagen yaƙi.

'Yan uwa, kada mu ɗauka labarin na Sudan ne kawai. Mu dubi filin idinmu, da harabar masallacin Juma'a, da makarantar Islamiyya, da lambun shaƙatawa na garinmu. Kuka nawa da tsamiya nawa suka rage cikin waɗanda muka taso muka gani? Kwamitin masallaci ya nemi izinin hukumar da ke da filin, ya zaɓi itace ashirin kacal, ya damƙa kowanne a hannun ɗalibi ɗaya da sunansa, sannan a ƙirga rayayyu bayan shekara biyu. Ashirin da suka rayu sun fi dubu da aka dasa don ɗaukar hoto.

Allah Ya kawo wa mutanen Sudan zaman lafiya, Ya mayar da waɗanda suka yi gudun hijira gidajensu, Ya sa abin da muka dasa ya zame mana sadaka mai gudana. Amin.